Abin da ɗaukar hoton damisa a daji ke koya wa mai kyamara

Mai hoto a Katsina ya saba da abin da ke zuwa gare shi. Amarya za ta tsaya inda aka ce, dawakin hawan Sallah kuwa an san ƙofar da za su fito da lokacin da za su yi jafi. Damisa ƙi sabo ce. Yini take a ɓoye, fitarta da asuba ne ko gab da magariba ko cikin dare, wato lokacin da haske bai ishi kyamara ba, kuma idan ta ba ka fuska, daƙiƙoƙi ne ta juya. Don haka babban darasin aikin shi ne a gama shiri tun ba a gan ta ba.

A fara da wurin. Damisar Afirka ta Yamma ta yi ƙaranci ƙwarai, har a Gashaka-Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa, kyamarar tarko, wadda ake girkawa a daji ta ɗauki hoto da kanta, ita ce ke kama ta fiye da idon mutum. Masu neman hotonta sukan nufi Luwangwa ta Kudu a Zambiya, ko Sabi Sand da ke jikin gandun Kuruga a Afirka ta Kudu, ko Masai Mara a Kenya, ko Yala a Siri Lanka. Kafin a biya kuɗi a tambayi dokar wurin, don ita ce ke yanke irin hoton da za a samu. A Kuruga mai tuƙa kansa ba ya sauka daga hanya, kuma dole ya shiga sansani kafin a rufe ƙofa. A Sabi Sand jagora na iya bin ta cikin ciyawa, ana kuma ƙayyade motocin da za su tsaya a kanta. Luwangwa ta yi suna da fitar dare. A waɗannan gandayen na Afirka ranin can ya fi, daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da ciyawa ta kwanta kuma dabbobi suka taru a bakin ruwa.

Neman ta da kunne ake farawa. Idan barewar impala ta riƙa huci tana kallon wuri guda, ko birai suka ɗare ƙolin itace suna ihu, ko zabi suka ɓarke da kuka, akwai abin da suka gani, kuma inda suka zuba ido can za ka juya lenz, wato gilashin gaban kyamara. Kukan damisar kanta kamar kafinta ne na jan zarto a katako. Sawunta ba ya nuna farce, kuma bayan tafin yana da tudu uku, na kura kuwa farce a fili yake. Ga abin da zai yi wa Bakatsine daɗi: itatuwan da take yawan kwanciya a kai namu ne na gida, kanya da danya da nonon giwa. Kada ka nemi jikinta a cikin ganye, zanen fatarta ya riga ya haɗiye ta. Nemi wutsiya da ke reto ƙasa da reshe, ko ƙafar barewar da ta rataye a sama don kada kura ta ƙwace mata.

Lenz mai kaiwa 400mm ya isa a yawancin wurare, kuma mai zuƙowa, irin 100-400mm, ya fi wanda ke tsaye wuri ɗaya, saboda damisar da ta saba da mota takan wuce ta jikin taya. Sanda mai ƙafa uku ba ta da amfani a cikin mota. Jakar wake ake ɗorawa a bakin ƙofa a kwantar da lenz a kai, kuma kowane tela a kasuwa zai ɗinka ta da yadi mai kauri da zif. A tafi da ita ba komai a ciki, a zuba wake ko shinkafa kamar kilo 2 idan an isa, don ƙananan jiragen da ke shiga gandun Kenya da Tanzaniya galibi kilo 15 suke yarda da shi. Mota na tsayawa, a roƙi direba ya kashe inji. Karkarwar inji ta fi rawar hannu lalata hoto.

Saitin da ya kamata ya zauna a kyamara tun daga sansani: lenz a buɗe iyakarsa, f/4 ko f/5.6, saurin ɗauka 1/500 na daƙiƙa idan tana kwance, 1/1000 zuwa 1/2000 da zarar ta miƙe, ISO kuma, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a bar shi ya hau da kansa har 6400. Masu hoton biki suna tsoron ISO mai yawa saboda tsakin da yake sa wa hoto. A nan tsoron bai da wuri. Tsaki ana rage shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa sai shara.

Damisa a kan itace ita ce ta fi ba masu hoto wahala, kuma ta hanya biyu. Ta farko, sararin sama mai haske yana bayanta, kyamara sai ta auna hasken saman ta mayar da dabbar baƙi ƙirin. Maganin shi ne a ƙara haske da +1, wani lokaci har +2, a duba hoton farko nan take, ko kuma a matsa da mota har ganye mai duhu ya koma bayanta. Ta biyu, kyamara tana son abin da ya fi kusa, sai ta kama ganyen da ke gaban fuska ta bar ido a dishi-dishi. Na'urar gane idon dabba da ke cikin sababbin kyamarori ma takan ruɗe da ɗigon fatar. A koma kan ɗigon saiti guda ɗaya, a ɗora shi a kan idon da ya fi kusa. Sannan a bar wa wutsiya wuri. Doguwa ce, kuma an yi asarar hotuna da yawa saboda an datse ta a gefen hoto.

Sauran aikin jira ne, amma ba jiran banza ba. Damisar da ta yi hamma sau biyu ko uku, ta fara lasar jiki, ta miƙe ta yi miƙa, saukowa za ta yi. Da kai take saukowa, kuma galibi ta gefen da gangar itacen ta karkata. Tun tana hamma za a gyara tsayuwar mota, a ja zuƙowa baya don gangar ta shiga duka, a ɗaga saurin ɗauka. Wanda ya tsaya duba hotunan da ya ɗauka a bayan kyamara a wannan lokacin, ƙurar saukarta kawai zai gani.

Da dare lissafi ya sauya. Fitilar jagora ce kaɗai haske, duhun da ke kewaye kuma zai yaudari kyamara ta ƙone fuskar. A saita komai da hannu: 1/200, f/4, ISO 3200, a gwada a kan kututture kafin a same ta. Idan fitilar tana motarka, idanunta za su fito kamar ba na dabba ba, saboda wani shimfiɗi a bayan idon da ke mayar da haske. Hasken da ya zo daga gefe, daga wata motar, shi ke fito da siffar jiki da gashin baki. Filasha a fuska ba ta dace ba, wurare da dama ma sun hana, kuma idan farauta take, jagoran kirki yakan kashe fitila ko ya sa ja don kada a tona ta ko a makantar da barewar.

Ƙura kuwa ɗan Katsina ya san ta tun daga hunturu: ba a sauya lenz a fili, kyamara tana cikin rigar matashin kai idan mota na tafiya. Asubar Yuni da Yuli a kudancin Afirka sanyi gare ta mai cin batir, sai a sa na biyu a aljihun ciki.

Duk wannan ana iya koyonsa a gida kafin a sayi tikitin jirgi. Mage a kan katanga bayan la'asar sakaliya tana da hamma da miƙa da saukowa irin na damisa, ga sama mai haske a bayanta. A yi ta gwadawa har yatsu su iya sauya saiti ba tare da an ɗauke ido daga kyamara ba. Idan an dawo da hotuna, a ajiye na fuska ta dama da ta hagu, don da jerin ɗigon da ke saman gashin baki jagorori ke bambanta wata damisa da wata. Kafin a sa a Facebook kuma a goge bayanin wurin da kyamara ko waya ta liƙa wa hoton, saboda har yanzu akwai masu neman fatarta.