Takarda ɗaya ta kada mu, ni aka ɗora wa laifi

Jiya na miƙa wa Alhaji makullin buro, bayan shekara 6 ina haɗa masa dosiyen marshen gwamnati, wato takardun neman kwangilar gwamnati. Mun rabu lafiya, ya sa min albarka har da kuɗin mai, to amma akwai abin da ya tsaya min a wuya tun bara waccan, gara in amayar da shi a nan ko wani yaro mai irin aikin nan zai tsira.

Marshen teburan ƴan makaranta ne. Mun ga sanarwa a jaridar Le Sahel, aka sayo DAO, wato kundin sharuɗɗan marshen, na zauna na karance shi shafi shafi kamar mai haddar allo. Duk wanda ya taɓa aikin nan ya san kayan: NIF (lambar mai biyan lampo), RCCM (rajistar kasuwanci), takardar CNSS (asusun fanshon ma'aikata), garantin banki, shaidar ayyukan da ka taɓa yi, sai uwa uba ARF, wato takardar da ma'aikatar lampo ke ba ka cewa ba a bin ka komai. Kundin ya rubuta ƙarara cewa kada ARF ta wuce wata uku. Na ƙirga da yatsa, tamu na da sauran kwana tara a ranar buɗe ambulan. Na ce alhamdulillahi.

Sai aka ɗaga ranar da sati biyu.

Wallahi ina ganin sanarwar gabana ya faɗi. Ranar nan da la'asar na tarar da babban ɗan Alhaji a ƙofar shago nan kusa da kasuwar Dole ta Damagaram yana shan shayi, na ce masa Yaya, takardar lamponmu za ta mutu kafin ranar fa, sai an biya abin da ya saura an karɓo sabuwa. Ya ce kar ka damu, Baba na da mutum a ciki, waya ɗaya ce. Na sake tuna masa bayan kwana uku, ya ce kai ka cika tsoro kamar farar kura. Ni kuma da yake an saba ba a tsallake shi a je wa Alhaji da maganar kuɗi, sai na ja bakina na yi shiru, na liƙe ambulan da matacciyar takarda a ciki, na buga hatimi, na hau mota kusan kilomita 900 zuwa Yamai ina ta addu'a kada a lura. Wannan kam laifina ne, ban musa ba.

A zauren buɗewa ana karanta farashin kowa da ƙarfi a gaban kowa. Da aka zo kanmu, mu ne mafi araha, har wani ɗan kasuwa da ke gefena ya taɓo ni ya ce kun ci. Na fita na kira Alhaji, ya yi ta hamdala, ashe har ya yi wa mai katako alkawari. Da wasiƙar sakamako ta iso layi biyu ne kacal: an ture dosiyenmu, ARF ta wuce wa'adi. Ba a ma kai ga duba farashinmu ba, don kwamiti sai ya gama tantance takardu kafin ya waiwayi kuɗi, arhar da muke taƙama da ita ko kallo ba ta samu ba.

Ba asarar ce ta fi ƙona min rai ba. Alhaji ya tara mu har da direba da masu dako, ya ɗaga wasiƙar ya ce "kai da muka ɗauka don ka yi lakwal, takarda ɗaya ta gagare ka?" Ɗan nasa na zaune yana latsa waya, ko ɗaga kai bai yi ba. Na ce ranka ya daɗe na faɗa wa Yaya sau biyu. Ya ce ina shaida? Babu. Da baki na faɗa, a bakin shayi.

Daga baya wai in rubuta ƙorafi. Hanyar tana nan, ka fara kai kuka wurin hukumar da ta ba da marshen, in ba ka gamsu ba ka wuce ARCOP, hukumar da ke sa ido kan marshen gwamnati, wadda a da muke kira ARMP, kuma kwanakin a ƙirge suke. Amma kukan me za mu kai? Kwanan wata na nan ɓaro ɓaro a kan takarda. Shi kuwa mutumin cikin da ake ta faɗa, har yau ban ga ƙeyarsa ba.

Tun ranar duk maganar da ta shafi takarda ko kuɗi sai na tura ta a rubuce ta WhatsApp, ga ɗan, ga uban. Sun ce na fara girman kai. Oho.

Sauran abubuwan ƙanana ne. In an ɗaga rana, sake duba kowace takarda daga farko, har garantin banki, shi ma yana da wa'adi. Ka san ko farashin da ka rubuta da TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, ne ko babu, kashi 19 cikin 100 ba wasa ba ne, na ga wanda ya ci marshe ya dawo yana kuka saboda ita. Kada ka sauke kaya ka tafi ba a sa hannu a takardar karɓa ba, in babu ita faktir ɗinka, takardar neman biya, ba ya motsi. Kuɗin Tirezo, baitulmalin gwamnati, kuwa suna zuwa, amma kada ka ci bashin wata ɗaya a kansu. Masu hangen tsallaka iyaka su sayar wa gwamnatin tarayyar Najeriya, can ma haka ne ko fiye: dokarsu ta 2007 ce, hukumar BPP ke sa ido, za a nemi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da shaidar biyan haraji da ta fansho, NIF ɗinka na nan ba zai yi maka komai ba.

Bayan waccan faɗuwar na haɗa dosiye goma sha ɗaya, wasu mun ci wasu an fi mu araha, amma ko ɗaya ba a sake turewa don takarda ba. Ba wanda ya tara masu dako ya faɗi wannan.

Yaron da zai gaje ni ƙanen matar Yaya ne. Na bar masa kalanda a bango, na zagaye ranar mutuwar kowace takarda da jan biro. Ta lampo saura kwana 20.