Mako na tara: ina nan ina fama da uku-ukun Fats Domino

'Yan uwa masu koyon fiyano, barkanmu da ƙoƙari. Wannan makon ban taɓa sabon darasi ba, abu ɗaya na saka a gaba: bugun uku-uku na hannun dama, irin wanda ake ji a waƙar "Blueberry Hill" da Fats Domino, mawaƙi kuma makaɗin fiyano Ba'amurke, ya fitar a 1956.

Ga wanda bai kai nan ba tukuna, kowace gaɓa tana da bugu huɗu, kowane bugu kuma ana raba shi uku, wato hannun dama zai sauka sau 12 kafin gaɓa ta cika, yana danna maɓallai uku tare. Hannun hagu yana can ƙasa yana tafiyarsa a natse. A kunne kamar wasa. Da na zauna yi, ban kai minti biyu ba tsintsiyar hannuna ta ɗau zafi, ɗan ƙaramin yatsana ya sandare. Ranar Laraba na ɗauki kaina da waya na saurara, sai na ji duk inda hannun hagu zai sauya wuri, na dama sai ya yi gaggawa, kamar mai gudun kada mota ta bar shi.

Laifin daga kafaɗa ne. Ina ɗage ta, ina dukan maɓallai da ƙarfin damtse. Na koma kallon tsofaffin bidiyonsa: mutum ne mai jiki, yatsu cike da zobba, ya juyo da fuska wajen jama'a yana murmushi, ko kallon hannun ba ya yi. Tsintsiyar hannun ce kawai ke lilo. Na mayar da manhajar ƙirga bugu zuwa 60 a minti, na saki kafaɗa. Yau na kai 72 ba tare da ciwo ba, alhamdu lillahi.

Tarihinsa ma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. An haifi Antoine Domino, wato sunansa na asali, a New Orleans ta Amurka a 1928, shi ne auta cikin 'ya'ya takwas. Mijin yayarsa, Harrison Verrett, shi ya fara koya masa, har yana rubuta masa sunayen sautuka a jikin maɓallai. Ni da nake jin kunyar takardun da na manna wa nawa, yanzu na bar su sai ranar da yatsuna suka haddace.

A Disambar 1949 ya naɗi "The Fat Man" a ɗakin naɗin sauti na Cosimo Matassa, tare da Dave Bartholomew, mai busa ƙaho da daga nan ya daɗe yana tsara masa kiɗa, da Earl Palmer a kan ganga. Ku saurare ta da abin kunne. Ana ta bushe-bushe, amma fiyanon ne ke riƙe da kowa. A ganina wannan ne ya sa ya iya jan ƙungiyar makaɗa shekara da shekaru: ba ya cika kiɗa da ado, lokacinsa kuwa ba ya motsi, don haka mai saksafon irin Herb Hardesty yana da ƙasa mai ƙwari da zai taka. Masu cewa salonsa mai sauƙi ne, ina roƙonsu su riƙe uku-ukun nan minti uku cur ba tangarɗa, sannan mu yi magana.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan haɗa hannu biyu a cikakken zagayen gaɓa 12 na kiɗan blues, ina son kaiwa 80. Inda nake tuntuɓe har yanzu shi ne gaɓa ta tara, wurin da hannun hagu ke tsallakawa sama. Wanda ya wuce wurin nan a cikinku, don Allah ya gaya mini da wane yatsa yake sauka.