Godiya ga waɗanda suka taimaka muka karanta faifan Baba

Alhamdu lillahi. Daren jiya bayan sallar isha'i na zauna gaban kwamfuta na karanta rubutun mahaifinmu, shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarsa. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan.

Godiya ta farko ta Inna ce. Ita ta adana faifan fulofi, wato tsofaffin faifan ajiye bayanan kwamfuta, guda 23 a cikin gwangwanin alewa a ƙasan adakarta, ba ta san abin da ke ciki ba, ta dai san hannun Malam ne a jikin takardun da aka manna musu. Ƙananan nan ne masu inci uku da rabi, kowanne megabayit 1.44 kacal yake ɗauka, ko hoto ɗaya na wayar yanzu ba zai shige ba. Kamfanin Sony ma ya daina yin su tun 2011.

Ni na fara yin ɓarna, don gaggawa. Na sayo na'urar karantawa mai igiyar USB na zura guda, sai ƙara kamar ana kankare tukunya. Ashe fumfuna ta kama shi, ni kuma na ƙarasa goge shi. Har yau abin yana cina.

Sai ƙanina ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran kwamfuta a nan Kano, wanda ya roƙe ni kada in ambaci sunansa. Baba, Allah ya saka maka da Aljanna. Ya jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin teburi, ya goge kan na'urar da auduga da sifirit. Kowane faifai sai ya ja ƙarfen bakinsa ya ɗaga shi a haske yana juyawa a hankali, sannan ya tura ɗan makullin kusurwa don kada a rubuta komai a kai. Ya ce mini, "Ɗana, ka fara kwafe shi gaba ɗaya, wataƙila sau ɗaya zai yarda ya karantu." Kwana tara yana wannan aiki, kuɗin mota ma da ƙyar ya karɓa.

Da manhajar rubutu ta WordPerfect mahaifinmu ya yi rubutun, kuma duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai wata alama ta fito, domin a lokacin sai da haruffa na musamman ake samun masu lanƙwasa. 'Yar yayata ce ta bi shafi-shafi ta mayar da su. Na gode, 'yata, Allah ya yi miki albarka.

Guda 18 sun karantu: salsalar gidanmu har kaka na bakwai, da waƙoƙin wa'azi da ya rubuta a 1996, da wasiƙar da ya yi wa Kawu bai aika ba. Kawu ya yi kuka da na karanta masa ta waya.

Huɗun da suka ƙi suna wurin dattijon, ya ce zai sake gwada su da wata na'urar bayan sallah. Ku taya mu da addu'a.