Saƙon Godiya Bayan Taron Rufe Gasar Yaran Unguwanni a Gusau

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin kwamitin masu horar da yara ƙwallon ƙafa na unguwanninmu a nan Gusau, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nufe mu da kammala gasar hutun makaranta lafiya, sannan ga dukkan jama'ar da suka ba da lokacinsu da dukiyarsu da ƙarfinsu har aka yi taron rufewa ranar Asabar ɗin da ta gabata, aka tashi cikin farin ciki, kowa ya koma gidansa ba tare da an ji wani labari marar daɗi ba.

A bana kwamiti ya yanke shawarar cewa ba za a tsaya ga miƙa kofi da ɗaukar hoto kawai ba, za a zaunar da yaran a bi musu tarihin ɗan wasa guda ɗaya tun daga farkonsa har ranar da ya jingine takalmansa, kuma wanda aka zaɓa shi ne tsohon ɗan wasan gaban Najeriya, Yakubu Aiyegbeni. Wasu daga cikinmu sun so a ɗauko wanda ya fi shi suna, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, amma abin da ya rinjaya shi ne cewa yaron da Allah ya ba nasibin cin abinci da ƙwallo da wuya ya zauna a babbar ƙungiya guda har tsufansa. Mafi yawansu rayuwar ɗan ci-rani suke yi, bana a wannan gari, baɗi a wancan, wani zuwan da daraja, wani zuwan a matsayin aro. Ban da haka, da muka tambayi yaran abin da suka sani game da Yakubu, amsarsu ɗaya ce, wato ƙwallon da ya ɓarar a gaban raga a gasar cin kofin duniya ta 2010, alhali akasarinsu ba a ma haife su ba a lokacin, a wayoyin yayyensu suka gani. Wannan ya dame mu ƙwarai, domin ba adalci ba ne a taƙaita aikin kusan shekara 20 a cikin daƙiƙa guda.

Saboda haka babbar godiyarmu tana zuwa ga babanmu, tsohon malamin motsa jiki wanda da yawa daga cikinmu muka wuce ta hannunsa, wanda duk da ciwon gwiwa ya ƙi karɓar kujera, ya tsaya a gaban yaran har ya gama. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka maka da mafificin alheri. Ka yi mana abin da kuɗi ba sa saye.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, Baba ya faro ne daga birnin Benin, inda aka haifi Yakubu a watan Nuwamba na 1982, ya biyo da shi ƙungiyar Julius Berger ta Legas, sannan Isra'ila, inda ya buga wa Maccabi Haifa, har aka ba da shi aro ga Hapoel Kfar Saba kafin ya samu gindin zama. Ya daɗe a kan shekarar 2002, lokacin da Maccabi Haifa ta zama ƙungiyar farko daga ƙasarta da ta kai zagayen rukuni a Gasar Zakarun Turai, kuma saboda matsalar tsaro aka hana ta karɓar baƙi a gida, sai a birnin Nicosia na tsibirin Cyprus take buga wasannin da ake kira nata na gida. A can ne Yakubu, yana ɗan shekara 19, ya zura wa Olympiacos ta Girka ƙwallo 3 shi kaɗai, kuma a can ne ya ci bugun fenareti ranar da suka doke Manchester United da ci 3 da nema. Da Baba ya zo nan sai wurin ya yi tsit, domin a cikin yaran da ke zaune akwai waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukansu suka dawo cikin Gusau saboda halin da muke ciki, kuma babu wanda zai koya musu ma'anar buga wasan gida a garin da ba naka ba.

Waɗannan ƙwallaye ne suka buɗe masa ƙofar Ingila. Harry Redknapp, mai horar da Portsmouth a lokacin, ya ɗauko shi aro zuwa ƙungiyar a farkon 2003, suka hau gasar Firimiya a wannan shekarar, kuma a kakarsa ta farko a babbar gasar ya ci ƙwallo 16, har da 4 da ya zuba wa Middlesbrough a wasan ƙarshe. Middlesbrough ɗin ce kuma ta saye shi a 2005 a kan fam miliyan 7.5, ya je da ita wasan ƙarshe na kofin UEFA a 2006, inda Sevilla ta doke su da ci 4 da nema. A 2007 Everton ta biya fam miliyan 11.25 a kansa, kuɗin da ba ta taɓa kashewa a kan wani ɗan wasa ba kafin nan, shi kuwa ya rama mata da ƙwallo 21 a dukkan gasanni a kakar farko. Ana cikin wannan tashe ne, a ƙarshen watan Nuwamba na 2008, agararsa ta tsinke a wasa da Tottenham, ya rasa sauran kakar baki ɗaya. A ganina wannan shi ne ɓangaren da ya fi amfani ga yaranmu, domin da yawansu suna ɓoye targaɗe don kada a cire su daga wasa, kuma na ji daɗin yadda Baba ya nanata musu cewa mutumin da ke da likitocin Ingila a bayansa ma sai da ya yi haƙurin jinya wata da watanni kafin ya sake taka leda.

Bayan ya warke, ya je Leicester aro a 2011, sannan Blackburn, inda ya ci ƙwallo 17 a gasar Firimiya a kakar da ƙungiyar ta faɗa ƙasa duk da ƙoƙarinsa. Daga nan sai Guangzhou R&F a ƙasar Sin, Al Rayyan a Ƙatar, Reading, Kayserispor a Turkiyya, da Coventry, inda rauni ya sake tare shi bayan 'yan wasanni kaɗan, ya sanar da ritayarsa a watan Nuwamba na 2017. Ya bar gasar Firimiya da ƙwallo 95, kuma babu ɗan Najeriyar da ya kai shi a wannan fage.

Game da rigar Najeriya kuwa, Baba bai ɓoye komai ba, kuma muna gode masa a kan haka. Ya gaya wa yaran cewa a gasar cin kofin Afirka ta 2004 a Tunisiya an sallami Yakubu daga sansani tare da abokan wasansa biyu bisa zargin karya doka, domin su san cewa gwaninta ba ta ɗauke wa mutum ladabi. Sannan ya zo kan wasan Durban na ranar 22 ga Yuni, 2010, ya sa aka haska shi da majigi. Najeriya ta riga ta sha kashi a hannun Ajantina da Girka, amma da ta ci Koriya ta Kudu da ta wuce zagaye na biyu. Koriya tana gaba da ci 2 da 1 aka miƙo wa Yakubu ƙwallo a bakin raga, mai tsaron gida ba ya nan, ya buga ta fita waje. Yaran suka yi ihu kamar yadda suka saba, sai Baba ya ce kada a kashe, a bari ya ci gaba. Bayan 'yan mintoci kaɗan aka ba Najeriya fenareti, kuma mutumin nan da duniya ta gama yi wa dariya shi ne ya ɗauki ƙwallon ya ajiye, ya zura ta a raga cikin natsuwa, wasa ya tashi 2 da 2. Yawancin yaran ba su taɓa ganin wannan rabin ba, domin masu yaɗa bidiyon a nan suke yanke shi. Ba mu ce ɓarar da ƙwallon ba ta yi mana ciwo ba, ta yi, kuma duk wanda ya kalli wasan a gidan kallo a daren nan bai manta ba. Amma mutumin ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 21 a wasa 57, kuma a lokacin da ya yi ritaya Rashidi Yekini da Segun Odegbami ne kaɗai suke gabansa, don haka yabon gwani ya zama dole.

Muna kuma godiya ga ɗan'uwanmu lauya da ya karɓi abin magana bayan Baba ya yi wa iyaye bayani a kan dillalan bogi da ke yawo suna karɓar kuɗi da sunan kai yaro gwaji Turai. Ya tunatar da su cewa dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18 sai a wasu keɓantattun yanayi, kuma duk wanda ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi kuɗin biza, to a nemi shawara kafin a saki ko sisi. Tambayoyin da iyaye suka yi masa sun nuna cewa matsalar ta riga ta shigo gidaje fiye da yadda muke zato, kuma ya yi alkawarin duba takardun duk wanda aka kawo wa irin wannan tayi ba tare da karɓar komai ba.

Ranka ya daɗe mai girma hakimi, mun gode da wakilin da ka turo da kuma kalaman ƙarfafa gwiwa da ya isar mana, Allah ya ja zamaninka. Mun gode wa shugaban makarantar da ya ba mu fili da ɗakin taro, da mai gidan kallon da ya rufe sana'arsa a ranar da ake manyan wasanni ya kawo mana majigi da janareto kyauta, wanda duk mai irin wannan sana'a ya san ba ƙaramar asara ya ɗauka ba. Iyayenmu mata da suka haɗa kuɗi suka dafa wa yara abinci, da 'yan kasuwar da suka saya mana ƙwallaye da riguna suka ce kada a ambaci sunansu, da alƙalan wasan da suka sha rana da surutun 'yan kallo ba su nemi lada ba, da ma'aikacin lafiyar da ya zauna a bakin fili tun daga wasan farko har na ƙarshe, da jami'an tsaron da suka kula da ƙofa, duk Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku gani a mizani.

Godiya ta musamman ga masu horarwa da direbobin da suka kawo yara daga Bunguɗu, Tsafe, Ƙauran Namoda da Talata Mafara, da iyayen da suka amince suka sake su. Mun san abin da ake nufi da ɗora yaro a hanya a wannan lokaci, shi ya sa muka matso da taron zuwa hantsi domin kowa ya isa gida da rana tsaka, kuma mun tabbatar ta waya cewa dukkansu sun sauka lafiya. Muna roƙon Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, ya raya mana yaran nan bisa tarbiyya, ko sun zama 'yan ƙwallo ko ba su zama ba.

Masu horarwa da dama sun nemi a ba su bayanin Baba a rubuce domin su karanta wa yaran da ba su samu zuwa ba. Ana kan buga shi, kuma da zarar ya kammala za a raba wa kowace ƙungiya nata ta hannun mai horar da ita. Wanda duk muka manta ba mu ambata ba, ya yi mana afuwa, alherinsa yana wurin Allah. Wassalamu alaikum.

Sakataren kwamiti, Gusau, Jihar Zamfara.