Kada ku bar wa na'ura tsaron ƙofar maigida

Shekara tara ke nan ina aikin sakatariya a ofishin shugaban wani kamfanin kayan gini a Kano. Ƙannena masu shigowa wannan aiki kan tambaye ni wace manhaja za su sa a waya don nauyi ya ragu. Ina faɗa musu, amma sai na fara ba su labarin inda na yi tuntuɓe, domin manhajojin da suka taimake ni su ne dai waɗanda na yi ɓarna da su.

Da na fara, rabin yinina wajen tsara ganawa yake tafiya. Baƙo ya ce Talata, maigida ya ce Laraba, in sake kira a ce mini an yi tafiya. Sai wata abokiyar aiki ta nuna mini Calendly, wadda ake haɗawa da kalandar Google. Za ki buɗe sa'o'in da maigida yake da sarari, ki tura wa mutum adireshin shafin, ya zaɓi lokacinsa, ya shiga kalanda kai tsaye, ranar ta matso a tuna masa. Cikin mako guda wayar ofis ta lafa. Daɗin da na ji ya sa na ƙara gaba: na sa adireshin a saƙon maraba na WhatsApp Business, wanda ke fita da kansa ga duk wanda ya rubuto karon farko, ko wanda ya yi kwana 14 bai yi magana ba.

Akwai wani dattijo, aminin mahaifin maigida, wanda shi ya tsaya wa maigida lokacin da yake ƙaramin ɗan kasuwa. Wata safiya ya aiko saƙon murya cewa zai shigo ya ga ɗansa. Kafin in saurara, na'ura ta riga ta amsa masa da Turanci, ta ce ya danna nan ya zaɓi minti goma sha biyar. Jikansa ne ya karanta masa. Dattijon bai zo ba, bai kuma ce komai ba. Sai bayan makonni, a wajen wani ɗaurin aure, ya ce wa maigida: "Ashe yanzu sai an cika takarda ake ganinka."

Maigida bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in shirya mu je gidan tare. Na durƙusa na ce, "Baba, laifina ne, a yi haƙuri." Ya ce ba komai, 'yata, Allah ya yi albarka. Amma a hanyar dawowa na gane abin da na yi. Aikin da aka ɗauke ni dominsa shi ne sanin wa ke bakin ƙofa: wanda za a tashi a tarba, wanda za a ba ruwa ya jira, wanda za a sallama da kyakkyawar magana. Wannan sanin ne na miƙa wa abin da bai san kowa ba. Ban daina amfani da Calendly ba, sai dai yanzu masu kawo talla, masu neman aiki da ma'aikatan banki nake tura wa, su ma sun fi son haka. Saƙon maraba kuwa na kashe shi. Ina da jerin mutane kamar talatin waɗanda ni nake kira da bakina, in gaishe su, in tambayi iyali, sannan a zo maganar lokaci. Na kuma rufe Juma'a daga sha biyu na rana, domin sau biyu wani ya zaɓi daidai lokacin da maigida ke hanyar masallaci.

Kuskure na biyu na agogo ne. Muna da taron Zoom duk wata da wasu abokan ciniki a Landan, ƙarfe goma nasu. Tun daga Afrilu lokacinmu ɗaya da su, don haka na rubuta ƙarfe goma a kalanda na ce ya riƙa maimaita kansa. Ban san cewa a Lahadin ƙarshe ta Oktoba Ingila kan mayar da agogonta baya da awa ɗaya ba, ta zauna haka har Lahadin ƙarshe ta Maris, alhali namu na Najeriya ba ya motsi. A Nuwamba maigida ya zauna gaban kwamfuta ƙarfe goma, ya jira minti arba'in, ya tashi ya tafi wani alkawari. Su kuma suka shigo sha ɗaya namu suka tarar ba kowa. Kalandar Google tana da wurin zaɓar agogon garin da aka tsayar da taron a kansa, da na zaɓi Landan da ita za ta gyara da kanta. Yanzu agogo biyu ke gefen kalandata, kuma na haddace cewa Dubai tana gabanmu da awa uku.

Duk abin da kuka ce ya maimaita kansa, ku riƙa komawa kansa. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ranar Sallah kuma sai an ga wata, kalanda ba za ta ɗage muku taron ƙarfe shida na yamma don buɗa-baki ba.

Na uku ya fi sauran tsorata ni. Bayan fitowar ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya da yin rubutu, a ƙarshen 2022 na saba ba shi dogayen takardu ya taƙaita mini. Ran nan na zuba masa takardar albashin ma'aikata da sunayensu da lambobin asusunsu, don ya tsara mini jadawali. Lauyan kamfani ne ya zaunar da ni ya nuna mini cewa na fitar da sirrin mutane zuwa wurin da ba mu da iko da shi, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023. Ban sake ba. Har yau yana yi mini daftarin wasiƙa, amma nakan cire suna da adadin kuɗi kafin in ba shi, in mayar da su da hannuna, in karanta layi-layi, in gyara laƙabi, don Alhaji da Injiniya da Mai Girma ba a wasa da su.

Abubuwan da suka fi rage mini wahala ƙanana ne. Na koya wa Gmail ya ware rasit da tikitin jirgi kowanne a akwatinsa. Amsoshin da nake maimaitawa na adana su a shirye. Wasiƙar da na rubuta da dare nakan sa ta fita takwas na safe. Na kuma ƙara lokacin janye saƙo zuwa daƙiƙa 30, wanda ya sha cetona daga tura wasiƙa babu takardar da ya kamata in liƙa. Kowace yamma kafin in tashi nakan buga jadawalin gobe a takarda, kwafi biyu, ɗaya a teburin maigida ɗaya a hannun direba, saboda ranar da intanet ta ɗauke.