Abin da zaman karatu a Makhanda ya koya mini

Karatun tarihi ne ya kai ni Jami'ar Rhodes, a garin Makhanda da ke lardin Gabashin Kef na Afirka ta Kudu. Garin ƙarami ne, jami'ar da aka kafa a 1904 ita ce ƙashin bayansa, sai bikin fasaha na ƙasa da ke cika shi da baƙi duk shekara. Har zuwa 2018 sunansa Grahamstown. A shekarar ce ministan al'adu Nathi Mthethwa ya amince a mayar da shi Makhanda.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne, kafin ka yarda da sunan wuri, ka tambayi wanda ya raɗa shi da abin da ya aikata. Kanar John Graham na sojan Birtaniya ya kafa garin a 1812 a matsayin sansanin soja, bayan ya jagoranci korar 'yan ƙabilar Xhosa wajen 20,000 zuwa ƙetaren kogin Fish, ana ƙone musu gidaje da amfanin gona. Makhanda kuwa, wani jagoran Xhosa, shi ne ya tara dubban mayaƙa ya afka wa sansanin ranar 22 ga Afrilun 1819. Bindiga ta fi ƙarfin mashi. Daga baya ya miƙa kansa, aka tsare shi a tsibirin Robben, ya nutse a teku yana ƙoƙarin tserewa. Shekara fiye da 200 jikokin waɗanda aka kora suna rubuta sunan Graham a adireshinsu. Ni dai a ganina canjin ya yi daidai, har ma ya makara.

Amma ɗakin karatu bai isa ba, sai da na taka da ƙafata. Daga ƙofar jami'a ka bi babban titi, ka wuce majami'ar da ke tsakiyar gari, ka gangara kwarin Egazini inda aka gwabza yaƙin, ka haura gabas. Nan unguwannin baƙar fata suke, Fingo da Joza. Lokacin da aka yi fari a 2019, mata da yara sun yi ta layi da bokitai suna jiran tankar ruwa. Sabon suna bai kawo musu famfo ba, kuma sun san haka sarai, duk da cewa da yawansu na alfahari da shi.

Ita kanta jami'ar tana nan da sunan Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallakar Birtaniya, domin majalisar gudanarwarta ta kaɗa ƙuri'a a 2017 ta ƙi canzawa. Har gobe ɗalibai na muhawara a kai.