Da me aka biya bashin?

Kamfanin da nake wa aiki ƙarami ne, cikin waɗanda ke neman riba amma don talaka aka kafa su. Muna ba manoman shinkafa na yankin Auyo, a jihar Jigawa, iri da taki bashi, idan kaka ta yi su biya da shanshera ko kuɗi. Masu zuba mana jari abu uku suke tambaya: manomi nawa muka yi wa rajista, buhu nawa aka ɗauka a kadada, nawa suka biya. Da wannan awon na fara aiki, kuma na yarda da shi.

A daminar 2022 ruwa ya cinye gonaki tun daga Ringim har Hadejia. Duk da haka wani ƙauye ya biya kusan duka, na sa shi a sahun gaba na rahotona. Da bazara na koma, na zauna da wani dattijo a zaurensa. Na ce, "Baba, ku kam kun fita kunya." Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, "Ɗana, ka tambaya da me muka biya?" Awakin matarsa ne aka kai kasuwar Hadejia. Maƙwabcinsa kuwa gona ya jinginar. Tsoron kada a cire sunansu baɗi ya sa suka yi haka. A takardata an yi nasara, a gidan kuwa an koma baya, kuma da hannunmu a ciki. Wannan magana ta hana ni barci.

Tun daga nan tambayata ta farko ita ce daga ina kuɗin biya ya fito. Ta biyu, wane wata hatsi ya ƙare a rumbu. Gidan da a da yake fara awo a kasuwa tun watan Yuni, yanzu ya kai marka yana cin nasa, shi ne gidan da muka amfana. Manomi ba ya mance watan nan, ko da ya mance yawan buhunan da ya ɗauka.

Lissafi da naira ma na rage dogaro da shi. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin buhun shanshera ya haura, amma man injin ban ruwa da taki sun bi shi a guje. Yanzu ina tambayar buhun shanshera nawa ke sayen buhun taki. Ina kuma leƙa gonar maƙwabcin da bai shiga tsarinmu ba, don kada mu ɗauki albarkar damina mu ce aikinmu ne.

Abin da ya rage mini shi ne cikin gida. Namiji baƙo iyakarsa zaure, alhali dabbobi da adashi da turaran shinkafa a hannun mata suke. Sai da na yi ta naci kafin aka ɗauki ma'aikaciya mace. A zagayenta na farko ta dawo da sunayen gidajen da aka sayar da akuya, har da waɗanda ni na rubuta cewa lafiya lau suka biya.